Na ƙera mitar Adaidaita Sahu, in saka bidiyonta a Facebook don kada a sace min?

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Ni matashi ne a Kano, na karanta injiniyan lantarki. Na ƙera mitar Adaidaita Sahu wadda take lissafa kuɗin kowane fasinja daban, daga inda ya hau zuwa inda ya sauka, ko da su huɗu ne a ciki. Gidan mitar kuma wani maƙeri ne ya zuba min da wani haɗin sanholo da muka yi ta gwadawa, ba ya tsagewa irin na tukunya. Wallahi ko barcin kirki ba na yi, tsorona kada wani mai kuɗi ya gani ya kai China a buga masa. Abokaina sun ce in yi bidiyo in saka a Facebook da TikTok, duniya ta shaida nawa ne. Wani ejan kuma ya ce in ba shi kuɗi ya yi min rajistar CAC da takardar rantsuwa a kotu, shi ke nan na tsira. Wanne zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka fara ko ɗaya. Ajiye wayar nan tukuna, in kuma ka riga ka ɗauki bidiyon, to ya zauna a cikinta, kada ya je ko da zauren WhatsApp na 'yan ajinku.

Maganar ejan ba ta da tsawo. Rajistar CAC sunan kasuwanci ko kamfani take ba ka, ba ruwanta da abin da ka ƙera. Takardar rantsuwa kuwa iyakarta ta nuna cewa ran kaza ka je ka rantse. Babu wadda za ta hana wani ya buga mitarka ya sayar a Sabon Gari. Haƙƙin ƙirƙira a Najeriya yana ƙarƙashin dokar 1970 ta haƙƙin ƙirƙira da zane-zanen masana'antu, ofishin rajistarsa kuma yana Abuja, a Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Dokar ta ce haƙƙin na wanda ya riga shigar da takarda ne. Wa'adinsa shekara 20 daga ranar shigarwa, ana biyan kuɗin sabuntawa duk shekara, in ka daina biya ya faɗi.

Shawarar abokanka ita ce mai haɗari, kuma ita nake fama da ita kullum. Da zuciya ɗaya suka ba ka, na sani. A tunaninsu idan mutum dubu suka ga fuskarka kusa da mitar, ka samu shaidu dubu. A wajen doka kuwa shaidun nan a kanka za su tsaya. Sharaɗi na farko na samun haƙƙin ƙirƙira shi ne abin ya zama sabo, kuma dokarmu ta fassara sabo da tsauri: duk abin da ya isa ga jama'a kafin ranar da ka shigar da takarda, a ko'ina a duniya, ta hanyar rubutu ko baki ko amfani da shi ko kowace hanya, ya tashi daga sabo. Dokar ba ta tambayi wa ya bayyana ba. Ko kai da kanka ka bayyana, ka kashe shi. Rangwame ɗaya ta yi, wato idan ka nuna abin a baje kolin ƙasa da ƙasa wanda hukuma ta amince da shi, cikin wata 6 kafin ka shigar. TikTok ba ya cikin wannan. Bikin nunin ayyukan ɗalibai ba ya ciki. Hira da gidan rediyo ba ta ciki. Zuwa gidan ɗan siyasa a kunna masa a gaban 'yan jarida don ya ba da tallafi, shi ma ba ya ciki, kuma wannan ya cinye ƙirƙirar yaranmu fiye da yadda ɓarayi suka cinye. Magana zarar bunu ce.

Za ka ji masu cewa ai a Amurka mutum yana da shekara guda bayan ya bayyana. Gaskiya ne, dokar Amurka ce wannan, kai kuma ba can za ka fara ba. Wasu ma labarin Charles Martin Hall suke kawowa. A 1886 shi da Bafaranshe Paul Héroult, ba tare da sun san juna ba, suka gano hanyar fitar da alminiyum da wutar lantarki, wadda har yau da ita ake aiki. Héroult ya riga shigar da takarda a Faransa, amma a Amurka Hall ya yi nasara, domin ya kawo hujjar cewa tun watan Fabrairun shekarar ya yi gwajinsa, aka ba shi takarda a 1889. A wancan zamanin Amurka wanda ya riga ƙirƙira take dubawa. Ita ma ta bar wannan tsari tun Maris 2013. Saboda haka hujjar "ni na fara, ga shaidu" ko a inda ta taɓa aiki yanzu ba ta wadatarwa.

Abin da ya sa nake nanata wannan shi ne, a Najeriya ba za ka gane ka yi ɓarna ba sai lokaci ya ƙure. Ofishin rajistarmu takardu kawai yake dubawa: an cike fom, an haɗa bayani da zane, an biya kuɗi? Ba ya binciken ko abin sabo ne. Dokar da kanta ta ce ana ba da takardar ne a kan kasadar mai ita, babu tabbacin ingancinta. To ka ga mutum ya saka bidiyo bara, bana ya shigar da takarda, a ba shi satifiket mai hatimi, ya sa a firem ya rataye a shago, ya yi ta biyan kuɗin shekara. Ranar da wani ya kwaikwayi kayansa ya kai shi Babbar Kotun Tarayya, lauyan wancan ba zai wahalar da kansa ba. Zai buɗe shafin mai ƙarar, ya nuna wa alƙali bidiyon da kwanan watansa, ya nemi a soke takardar. Wani matashi ya taɓa zuwar min da irin wannan: takardar rantsuwa an yi mata lamineshin, a hannu ɗaya kuma waya yana nuna min yawan waɗanda suka kalli bidiyon injinsa, yana murmushi. A bidiyon har murfi ya buɗe, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana bayani. Na rasa ta inda zan fara gaya masa.

Masu ɗaukar kuɗin yara suna yi musu irin waɗannan takardu, su ji tsoron Allah. Yaro ya tara kuɗin gyaran waya da na ɗinki ya kawo, a ba shi takardar da ba ta tsare komai, a kuma ce masa "je ka tallata abinka". Wanda bai sani ba ya ce bai sani ba, ya tura shi wajen wanda ya sani. Akwai hukumar NOTAP a Abuja, tana taimaka wa masu ƙirƙira 'yan ƙasa wajen shirya takardunsu da shigar da su, kuma tana da ofisoshin haɗin gwiwa a jami'o'i da kwalejoji da dama. Akwai jira, akwai "dawo gobe", ban ɓoye maka ba, amma can ne hanya.

Maƙerin da ya zuba maka gidan mitar fa? Shi da duk wanda ya ga cikinta, ku rubuta yarjejeniyar riƙe sirri, kowa ya sa hannu. Abin da aka nuna wa mutum bisa amana bai zama an bayyana wa jama'a ba. Ku kuma rubuta tun yanzu wa ke da me a haɗin ƙarfen, tun ana dariya. Kada ka ɗaura mitar a Adaidaita mai ɗaukar fasinja da sunan gwaji, wannan amfani ne a bainar jama'a.

Yanzu ga abin da za ka nema a kansa. Ita mitar kanta ba taka ba ce. Bajamushe Friedrich Wilhelm Gustav Bruhn ya ƙera ta tun 1891, a 1897 an riga an ɗaura ta a motar haya ƙirar Daimler a Stuttgart, London kuma ta fara tilasta ta a motocin haya a 1907. Ƙirga bugun na'urar da ke bin juyawar taya, a mayar da shi kilomita, tsohon zance ne. Haka ma sauyawa tsakanin kuɗin tafiya da kuɗin jira: a misali, in kilomita naira 150 ce, jiran awa guda kuma naira 1,200, to duk lokacin da gudu ya yi ƙasa da kilomita 8 a awa mita za ta koma ƙirga lokaci. Galibin mitoci suna yin wannan. In akwai sabon abu a taka, yana cikin yadda take raba kuɗi tsakanin fasinjojin da suka hau a wurare daban, ko yadda take gane an taɓa ta. Kafin ka kashe ko kwabo, shiga shafukan binciken takardun ƙirƙira, wato Espacenet ko Google Patents ko Patentscope, duk kyauta ne, ka nemi rukunin G07B 13, nan aka tara mitocin motar haya. Ka karanta da zuciyar mai neman abin da zai karya masa gwiwa, domin raba kuɗin tasi tsakanin fasinjoji ba kai ka fara tunaninsa ba. Abin da ya rage bayan ka tace, shi za ka rubuta.

Haɗin sanholon takarda daban yake buƙata, don dokar ta ce kowace takarda ƙirƙira ɗaya za ta ɗauka. A nan kuma ina da shakka, kuma gara ka ji daga bakina. "Muka yi ta gwadawa" ba ya shiga takarda. Dole ka rubuta bayanin da wani masani zai bi ya samu abin da ka samu: silikon kashi nawa cikin ɗari, jan ƙarfe nawa, maganiziyam nawa, zafi nawa, sanyaya ta yaya. Dubi Alfred Wilm. A 1906, kusa da Berlin, ya haɗa alminiyum da jan ƙarfe wajen kashi 4 da ɗan maganiziyam, ya gasa ya tsoma a ruwa, ya bar shi kwana biyu, da ya dawo ya tarar ya ƙara tauri da kansa. Wannan shi ne duralumin da aka yi jiragen sama da shi. Ya nemi takardarsa a 1909, kuma abin da ya ba ta ƙarfi shi ne ya faɗi ma'auni da matakai, kowa ya bi zai ga haka.

Maƙeranmu kuwa daga 'yan gwangwan suke sayen kaya. Yau buhun gwangwanin lemo ne, gobe tsohon fistin mota, jibi firem ɗin taga. Gwangwani yana da manganis da maganiziyam, fistin cike yake da silikon, shi ya sa yake zubuwa lafiya ya cika kowane lungu na mazubi. In kuma a tukunyar baƙin ƙarfe aka narka, ƙarfen yana shiga cikin narkakken ya sa shi saurin karyewa. Zai yiwu abin da kuka samu sa'ar fistin ce, kuka faɗa kusa da wani haɗi da aka daɗe da sani, irin A380 da masana'antu ke zuba gidajen na'urori da shi, mai silikon tsakanin kashi 7.5 da 9.5 da jan ƙarfe kashi 3 zuwa 4. Kai guntu uku daga zubi uku daban zuwa ɗakin gwajin ƙarafa na jami'a a auna. In sakamakon bai zo ɗaya ba, ba ku da haɗi tukuna. In ya zo ɗaya, duba rukunin C22C 21 ka ga ko an riga ku. Siffar gidan mitar kuwa kana iya yi mata rajistar zane, shekara 5 ce, ana sabuntawa sau biyu.

Batun China: takardar Najeriya a Najeriya take aiki. Ba za ta hana a buga a can ba, amma za ta ba ka damar kai ƙarar wanda ya shigo da shi nan ya sayar, kuma kasuwarka ai nan take. Daga ranar da ka shigar kana da wata 12 ka nema a wasu ƙasashe da wannan kwanan wata, bisa yarjejeniyar Paris, ko ka bi ta tsarin PCT, na nema a ƙasashe da yawa da takarda ɗaya, wanda Najeriya ta shiga a 2005. In kana hangen Maraɗi da Yamai da Garwa da Njamena, takarda ɗaya a ofishin OAPI da ke Yawunde, wato ƙungiyar rajistar haƙƙin ƙirƙira ta wasu ƙasashen Afirka, ta haɗa Nijar da Kamaru da Chadi da sauran ƙasashen ƙungiyar, su 17 ne gaba ɗaya. Ghana da Sudan suna ARIPO, wata ƙungiyar daban mai irin wannan aiki. Najeriya ba ta cikin ko ɗaya.

Takardar haƙƙin ƙirƙira kuma ba izinin ɗaura mita a titi ba ce. Mita ma'auni ce ta ciniki, kamar sikeli da famfon gidan mai, don haka tana hannun sashen awo da ma'auni, sannan farashin da za a saka mata sai da yardar hukumar sufuri da ƙungiyar direbobi. Nemi ƙa'idar OIML R 21, ita ce ta ƙasa da ƙasa a kan mitar tasi, ka gwada taka da ita. Ka tabbata a gidan sanholon nan ka bar hujin da za a zura waya a buga hatimi, yadda ba mai buɗe murfin ya taɓa lissafi sai ya tsinke ta. Wannan za ka iya gyarawa da maƙerinka a makon nan, ƙofa a rufe. Bidiyon kuma ya jira ranar da takardar shaidar shigarwa, mai lamba da kwanan wata, ta shigo hannunka.