Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Kalmomin Turanci Game da Gaɓɓai

Tambaya: Likita, shekaruna 58, gwiwoyina suna ciwo, kuma a takardar da aka ba ni a asibiti an rubuta osteoarthritis. Maƙwabciyata kuwa an ce mata rheumatoid arthritis. Ciwonmu ɗaya ne? Daga wata Hajiya a Zariya.

Amsa: Hajiya, Allah Ya ƙara sauƙi. Ba ɗaya ba ne, kodayake mu Hausawa mukan haɗe su duka mu kira su amosanin gaɓɓai ko sanyin ƙashi. Kalmar arthritis ta fito ne daga harshen Girka, inda arthron ke nufin gaɓa, ƙarshen kalmar kuma, wato itis, yana nuna kumburi. Osteon shi ne ƙashi. Naki ciwon yana faruwa ne idan guringuntsin da ke lulluɓe da bakin ƙasusuwa ya zaizaye saboda shekaru, ƙiba ko tsohon rauni, shi ya sa za ki fi jin sa lokacin sujada ko tashi daga kan tabarma, sandarewar safe kuma ba ta cika wuce rabin awa ba. Na maƙwabciyarki kuwa garkuwar jikinta ce ke far wa gaɓɓanta, yakan kama ƙananan gaɓɓan hannu dama da hagu a tare, kuma yana buƙatar magani irin su methotrexate da wuri kafin yatsu su karkace. Don haka kada ku riƙa musayar magani. Abin da ya fi damuna a tsakanin masu irin ciwonki shi ne shan diclofenac kullum daga kemis ba da sanin likita ba, alhali yana iya jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Rage ƙiba da motsa jikin da ke ƙarfafa naman cinya sun fi shi amfani a tsawon lokaci.

Tambaya: Ni ɗalibi ne. A aji an koya mana cewa node ita ce gaɓar rake, sai ga shi an rubuta wa ƙanena lymph node a sakamakon gwaji. Mene ne haɗin?

Amsa: Malam, asalin kalmar Latin ce, nodus, ma'anarta ƙulli. A jikin rake, gora ko karan dawa, ita ce wurin nan mai tauri da wuƙa ke cijewa a kai, inda ganye yake fitowa, kuma a nan idon rake yake, wanda manomi ke binnewa ya tsiro. A jikin mutum kuwa lymph node ita ce kaluluwa, kuma ba gaɓa ba ce sam, siffar ƙulli ce kawai ta sa suka yi tarayya a suna. Yawanci takan kumbura ne saboda miki ko ciwon maƙogwaro a kusa da ita, ta saɓe da kanta. Amma idan ta yi makonni ba ta saɓe ba, ta yi tauri, ga rama da zufar dare, to a koma asibiti a bincika tarin fuka ko ciwon daji.

Tambaya: Ɗana mai shekara 3 gwiwoyinsa suna gogar juna, an rubuta masa genu valgum. Nakasa ce?

Amsa: Genu gwiwa ce da Latin, genu valgum kuma shi ne gwame. Daga tushen ne masana tsirrai suka samo geniculate, sifar da suke yi wa ciyawar da karanta ya lanƙwashe a gaɓa kamar mai durƙuso. A shekarun ɗanka gwame kaɗan ba abin tsoro ba ne, domin yara da yawa sukan bi ta nan, ƙafafun su miƙe wajen shekara 7. Ana shiga damuwa ne idan ƙafa ɗaya ce kawai, ko abin yana ƙaruwa, ko wuyan hannunsa ya yi kauri, domin hakan na iya nuna laushin ƙashi. Binciken da aka yi a Jos, wanda aka wallafa a 1999, ya nuna cewa ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci shi ne babban sanadin wannan lalura a yaran da aka duba.

Tambaya: An tallata mini wani maganin gaɓɓai a Facebook, mai sayarwa ya ce an haɗa shi da tsiron da Turawa ke kira joint-pine, kuma tunda tsiron gaɓa-gaɓa ne, yana gyara gaɓɓan mutum.

Amsa: Kada ka saya. Joint dai gaɓa ce, kuma an raɗa wa tsiron wannan suna ne saboda siraran rassansa masu gaɓɓai, ba don wani aiki da yake yi a gwiwa ba. Tunanin cewa siffar tsiro tana nuna ciwon da yake warkarwa tsohon camfi ne da masu magani a Turai suka daɗe suna bi kafin ilimin likitanci ya yi watsi da shi. Sunan tsiron a wurin masana Ephedra, kuma nau'insa da ake amfani da shi a Sin, mai suna ma huang, yana ɗauke da sinadarin efedirin mai hanzarta bugun zuciya da ɗaga jini. A shekarar 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta haramta sayar da kayan ƙarin abinci masu wannan sinadari saboda alaƙarsu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. Idan ka riga ka fara sha, ka dakata, ka je a auna jininka, ka kuma tafi da kwalbar domin likita ya karanta abin da aka rubuta a jikinta.