Me ya sa hoton baƙi-da-fari ke yin duhu a takarda?

Tambaya: Malam, ina ɗaukar hoto a Agege. Na gyara tsohon hoton kakata baƙi-da-fari a Photoshop, ya yi kyau a kwamfuta, amma da aka buga a Mushin fuskarta ta yi duhu. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan ya taɓa samuna da hoton mahaifina, raina ya ɓaci ƙwarai. Kwamfuta tana auna haske daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat. Amma 128 ba rabin haske ba ne. Da gama 2.2, wato ƙa'idar da ake bi wajen mayar da waɗannan lambobi haske a allon kwamfuta, kusan kashi 22 cikin ɗari yake bayarwa, saboda idonmu ya fi gane bambanci a cikin duhu, shi ya sa aka ware wa duhu lambobi da yawa.

Takarda kuwa nata halin daban, tawada tana bazuwa, ɗigon tawadar da ke haɗa hoton ya ƙara girma, sai hoton ya yi duhu. Tambayi mai injin bugawa ko da Dot Gain 20% yake aiki, wato saitin da ke la'akari da bazuwar tawada; idan haka ne, ka mayar da hoton daga saitin Gray Gamma 2.2 zuwa can a Photoshop. Sannan ka buɗe Curves, wurin gyara hasken hoto da layi, ka ja tsakiyar layin kaɗan ta inda hoton zai ƙara haske, kada ka taɓa bakinsa biyu. A fara buga ƙarami tukuna.