Kiɗan Na Sa Rawa, Baitin Na Sa Kuka

TAMBAYA: Malam, na saurari kundin farko na wasu mawaƙa masu cin gashin kansu, waɗanda ba sa ƙarƙashin babban kamfani. Kiɗan na sa ni rausaya, amma da ya ƙare sai in ji zuciyata ta yi nauyi. Lafiyata ƙalau kuwa? Daga wata mai karatu.

AMSA: Ƙalau kike, 'yar'uwa. Ni ma na sha kama kaina ina kaɗa ƙafa alhali ƙwalla ta cika min ido.

Dabara ce. Ganga da jita suna gudu cikin fara'a, baitin kuwa na zancen rabuwa ko ƙuruciyar da ta wuce. Jiki ya bi kiɗa, zuciya ta bi magana. Kuma kundin farko daban yake: waƙoƙin da aka yi shekaru ana tarawa ne, tun babu mai sauraro, ga kuɗin situdiyo kaɗan. Saboda haka rawar murya da ɗan kuskuren yatsa duk sukan zauna a faifan. Ni wannan ɗanyantakar ce ke kama ni, ta fi min aikin da aka goge har ya rasa ɗanɗano.

Dubi Arcade Fire, wata ƙungiyar mawaƙa ta Montreal a Kanada. Kundinsu na farko, a 2004, Funeral suka sa masa, wato jana'iza, domin wasunsu sun yi rashin dangi lokacin haɗa shi. Amma ki ji yadda suke haɗa baki suna rera amshi, kamar taron biki.

Ki sake saurara, wannan karon da baitocin a gabanki.