Amsa ga mai son zuwa tsibirin Gore ta mota daga Jos

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta tambayarka: kana so ka tashi daga Jos ta mota har Senegal, ka yi ziyara a Kaulaha, ka ƙarasa tsibirin Gore, amma ba ka jin Faransanci, ba ka da kowa a hanya, kuma kana tsoron maƙalewa a ƙasar da ba ka san kowa ba. Na ga 'yan'uwa da dama sun ce ka haƙura ka tara kuɗin jirgi. Suna da hujjarsu. Ni dai na bi hanyar nan shekarun baya, ni da wani abokina da muke harkar kayan gwari tare a Farin Gada, don haka bari in gaya maka abin da idona ya gani.

Takardu da farko, don nan ne ba a sassauci. Ka riƙe fasfo ɗinka na ECOWAS mai sauran wa'adi, da katin allurar rigakafin shawara, wanda ake ce wa yalo kad. Wannan katin kusan kowace iyaka sai an tambaye shi, kuma wanda ba shi da shi ya buɗe wa kansa ƙofar tatsa. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 ta ba ka damar shiga ƙasashen ƙungiyar ba biza har kwana 90. Duk da haka a wasu iyakokin za a nemi "na hatimi". Kada ka yi faɗa, kada ka ɗaga murya, ka tanadi canji ƙanana a aljihu daban da inda ka ɓoye babban kuɗinka.

Mu ta bakin teku muka bi. Daga Jos zuwa Legas, daga tashar Mile 2 zuwa iyakar Seme, sai Kwatano, sai Lome, a tsallaka Aflao a shiga Gana, Accra, Elubo, Abijan. Daga nan aka miƙe arewa ta Yamusukoro da Buwake har Sikasso a Mali, Bamako, Kayes, a haye kogin Faleme a Diboli a shiga Kidira, Tambakunda, Kaulaha, Dakar. Benin, Togo, Kwaddibuwa, Mali da Senegal duk sefa ɗaya suke ci, Gana ce kawai za ta sa ka nemi sidi. Kuma daga Togo zuwa gaba agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, ka gyara naka saboda salla da lokacin tashin mota.

Amma ka saurare ni da kyau a kan Mali. Lokacin da muka bi, hanyar ba ta lalace kamar yanzu ba. Mali da Nijar da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, kuma a cikin shekarar 2025 'yan bindiga suka riƙa tare manyan hanyoyin da ke shiga Bamako, ta wajen Kayes da ta wajen Sikasso, suna ƙona tankokin mai. Ba zan ce wa ƙanina ya jefa kansa can don kawai ni na wuce lafiya a wani zamani ba. Akwai masu zagayawa ta Gini, su bi ta Labe da Kundara su ɓullo Tambakunda. Hanyar ta fi wahala, balle da damina, kuma kuɗinsu daban ne. Idan ka isa Abijan, ka zauna da direbobi da fatake a Ajame, unguwar manyan tashoshin mota, ka tambaye su halin da ake ciki a makon. Idan sun ce kada a bi, ka yarda da su, ko ka ƙarasa ragowar ta jirgi, ko ka juyo. Rai ya fi ziyara.

Yanzu ga ainihin tambayarka, wato wa zai taimake ka idan abu ya ɓaci.

Daga Kwatano har Abijan kusan ba za ka yi kewar gida ba. Kowane babban gari akwai zango. A Kwatano akwai unguwar Zango, a Lome akwai, a Accra akwai Nima da Mamobi da Sabon Zango. Kakanninmu fataken goro da sauran masu safara suka kafa irin waɗannan unguwanni, kuma har yau Hausa ce harshen ciniki da na masallaci a cikinsu. Abin da za ka yi idan ka sauka gari da dare shi ne ka nemi mai shayi ko mai tsire. Da wuya ka yi sallama da Hausa a rasa mai amsawa. A Kwatano wani mai shayi, mutumin Maraɗi, da ya ji daga Jos muke, ya hana mu kama ɗakin haya. Ya sa yaronsa ya share mana bayan rumfa, ya shimfiɗa tabarma, da asuba ya raka mu wajen mai canjin da ya amince da shi, ya tsaya har aka ƙirga mana sefa a gabansa, sannan ya tare mana masu acaɓan nan masu rawayar riga ya yi mana ciniki da su. Da muka kawo kuɗin shayi da burodi ya karɓa, don sana'arsa ce. Da muka ƙara wani abu a kai saboda kwana, ya mayar mana, fuskarsa har ta canja.

Ina so ka gane wani abu, domin mutanenmu na yawan kuskure a nan: ba Bahaushe ko Musulmi kaɗai ke taimako ba. A motar da ta ɗauke mu daga Abijan zuwa arewa, wata mata ce ke zaune kusa da mu, da gicciye a wuyanta, tana da kwandon kaya a cinya. Ba mu da harshe ɗaya da ita sai 'yan kalmomin Turanci da ta tsinta a kasuwa. A wani shinge aka sauke mu mu biyu kaɗai, aka riƙe fasfo ɗinmu, ana ta magana da Faransanci ba mu san me ake cewa ba. Direba ya fara ƙunƙuni zai tafi. Matar nan ta sauko, ta tsaya a gaban mota, ta yi ta magana da jami'in cikin ladabi amma ba ja da baya, har aka miƙo mana takardunmu. Da muka koma ciki ta buɗe ƙullinta ta raba mana aceke, wani abincinsu na rogo, da soyayyen kifi, ta nuna kifin da yatsa tana girgiza kai, wato mu ci, ba naman da ya haramta gare mu ba ne. Ta sauka a Buwake. Ko sunanta ban sani ba, amma har yau idan na yi addu'a ga waɗanda suka yi mini alheri tana ciki. Mu da muke zaune a Jos, muka ga abin da gaba ta jawo mana tun 2001, mun fi kowa sanin darajar abin da ta yi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai kuwa tsakanin Bamako da Kayes ya faru. Kayes na cikin garuruwa mafiya zafi a Afirka, kuma mutumin Jos da ya saba da sanyin tudu, zafin can yana kayar da shi. Motarmu ta lalace da tsakar rana kusa da wani ƙaramin ƙauye, ruwan da muka riƙo ya ƙare, abokina kuma zazzaɓi ya rufe shi, jikinsa na rawa. Ba mu kira kowa ba. Yara suka fara zuwa kallo, suka koma da gudu, can sai ga mata da bokitan ruwa a ka, sai ga wani dattijo da sanda. Ya dubi abokina, ya ce a ɗauke shi. Suka kai shi ƙarƙashin rumfar gidansa, aka jiƙa zane aka lulluɓa masa, aka dama masa kunun gero. Wani saurayi ya hau babur ya tafi garin da ke gaba ya dawo da ma'aikacin lafiya, aka gwada shi aka ce cizon sauro ne, aka ba shi magani. Duk wannan da hannu da ido ake magana, sai ɗan Larabcin gaisuwa da na salla. Da magariba dattijon ya tura ni gaba in ja su salla, don kawai ni baƙo ne. Fasinjojin motar gaba ɗaya, mun fi ƙarfin tukunyar gida ɗaya, amma kowane gida ya fito da kwano. Da safe da aka gyara mota na ware kuɗi na kai wa dattijon. Ya riƙe hannuna ya naɗe yatsuna a kan kuɗin, ya nuna sama. Kuɗin maganin da na man babur kawai suka bari muka biya, shi ma sai da direba ya sa baki.

Ga ra'ayina, kuma da gaske nake: kada ka sa alherin mutane cikin lissafin guzurinka. Waɗanda za su taimake ka galibi sun fi ka talauci. Wanda ya fita da rabin kuɗin mota yana cewa Allah zai haɗa shi da na kirki, nauyi ya je ɗora wa bayin Allah. Ka riƙe kuɗin da zai kai ka ya dawo da kai, da ƙari saboda rashin lafiya. Sannan ka riƙe abin kyauta mara nauyi, tunda kuɗi suna ƙin karɓa: turare, hula, carbi, dabino, goro idan ka samu a hanya. Dattijon nan da ya ƙi kuɗi, da na ciro hular zanna sabuwa daga jakata ya karɓa da hannu biyu, ya sa a take. Kuma ka bambance mai alheri da ɗan kamasho. Wanda ya tare ka a bakin iyaka da gudu, ya fizgi jakarka yana "ɗan'uwa, ɗan'uwa", aikinsa yake, kuma zai caje ka. Masu taimako na gaskiya yawanci suna bakin sana'arsu, kai za ka same su, ko kuma sai sun ga ka shiga matsala su taso.

Kaulaha ba sai na yi dogon bayani ba. Madina Baye, unguwar da Shehu Ibrahim Inyass ya kafa, cike take da 'yan Najeriya, ɗalibai da masu ziyara, alaƙar da ta yi ƙarfi tun haɗuwar Shehu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a Makka a 1937. Za ka ji Hausa a titi, za a kira ka cin shinkafa da kifi a babban faranti ɗaya, a bi da shayin ataya zagaye uku. Kada ka tashi bayan kofin farko, ba a so. Daga can zuwa Dakar bai kai kilomita 200 ba, akwai bas, akwai ƙananan motocin nan masu ɗaukar mutum bakwai.

Gore kuwa, daga tashar jirgin ruwa ta Dakar ake shiga, tafiyar kamar minti 20. Ka je da fasfo ɗinka, domin ana dubawa, kuma kuɗin tikitin ɗan Afirka bai kai na Bature ba. Tsibirin ƙarami ne, tsawonsa bai cika kilomita ɗaya ba, babu mota ko ɗaya a ciki. Gidaje masu launin ja da rawaya, furanni a kan katanga, yara na iyo a bakin ruwa, iskar teku na kaɗawa. Turawan Fotugal suka fara sauka a 1444, daga baya ya yi ta yawo tsakanin hannun Holan, Ingila da Faransa. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1978. A nan makarantar William Ponty ta zauna wani lokaci, wadda ta yaye irin su Houphouët-Boigny na Kwaddibuwa da Modibo Keita na Mali. Akwai tsohon masallacin dutse a gefen teku, ka yi ƙoƙari ka sami salla a ciki.

Sai Gidan Bayi, wanda aka gina wajen ƙarshen ƙarni na 18. A ƙasa akwai ɗakuna ƙanana masu duhu, na maza daban, na mata daban, na yara daban, a sama kuma inda masu gidan ke zaune suna shan iska. A ƙarshen wani siririn lungu akwai ƙofar da ke kallon teku, wadda suke kira ƙofar da ba a dawowa. Masana tarihi sun yi saɓani a kan yawan bayin da suka bi ta gidan nan, wasu na ganin manyan tashoshin cinikin suna wasu wurare. Wannan bai rage mini komai ba. Mandela ya tsaya a wurin, Fafaroma John Paul na biyu ya je a 1992, Obama a 2013. Ni abin da ya riƙe ni shi ne ɗakin yara. Na tsaya ina tuna cewa mutanen da aka kama daga ƙasashenmu, har da Hausawa, an kai su Brazil, kuma a tawayen bayi Musulmi na Bahia a 1835 akwai namu a ciki. Abokina ya fita waje ya zauna a kan dutse ya kasa magana. Wata tsohuwa mai sayar da sarƙoƙi a ƙofar gidan, wadda na ɗauka ciniki za ta yi mana, ta ajiye kayanta ta kawo masa ruwa a kofi, ta zauna gefensa har ya dawo hayyacinsa. Ba ta nuna mana ko sarƙa ɗaya ba.

Ka je da sassafe kafin tawagar masu yawon buɗe ido su cika wurin, ka duba lokacin jirgin komawa tun kana sauka, kuma ka tambaya a Dakar ko gidan a buɗe yake a ranar, don akwai ranar hutunsu. Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya fi daɗin tafiya, ka kauce wa tsakiyar damina da kuma bazara. Ka sha maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro bisa shawarar likita, ka koyi ƙirga da Faransanci ko zuwa ɗari ne, da gaisuwa, da "nawa ne". Ka bar kwafin fasfo ɗinka a gida wajen iyali, ka riƙa sanar da su duk garin da ka sauka. Idan da hali kada ka tafi kai kaɗai. Ko mutum ɗaya ka samu, in ɗaya ya kwanta ɗaya na tsaye.

Idan ka tsai da shawara, ka neme ni a kasuwa bayan la'asar, mu zauna in zana maka tashoshin ɗaya bayan ɗaya da unguwannin da za ka nema a kowane gari. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya.