Ɗigon da ba ya motsi a gilashi

Kai yaro, na ga saƙonka. Wai tunda manyan jiragen fasinja suna da TCAS, na'urar da ke gargaɗin matuƙi kada ya yi karo da wani jirgi, hasumiyar filin jirgi kuma tana kallon kowa a radar, me ya sa nake takura muku da leƙen waje duk lokacin da muka doshi filin jirgi? Da wata tambayar ce da na bar ta sai mun haɗu, amma wannan ta fama mini tsohon ciwo.

TCAS ba ta da ido. Tambaya take aikawa, taransfondar jirginka, wato na'urar da ke sanar da inda yake, ta amsa mata: ga ni nan, ga tsayina. In taka a kashe take, kai da babu duk ɗaya ne a wurinta. In tana kunne amma ba ta faɗin tsayi, iyakacinta ta ce wa matuƙi akwai wani kusa, ba za ta ce masa ya yi sama ko ƙasa ba. Batun kunna ta da sa lambar da hasumiya ta ba ka, wannan ba zan ɓata bakina a kai ba.

Na taɓa mallakar ƙaramin jirgi, Cessna 172, da bashin banki na saye shi ina bayar da haya ana biya da awa. Wani mutum mai lasisi, mai baki kamar zuma, kullum ranka ya daɗe Kyaftin, ya ɗauka wata ranar hunturu, hazo ya lulluɓe gari. A hanyar dawowa ya ga in ya zagaye yadda doka ta ce, zai ƙara minti goma sha biyar a kuɗin haya. Sai ya kashe taransfonda don kada a ga tsayinsa, ya ratsa ta hanyar da manyan jirage suke gangarowa. Jirgin fasinja yana tafe ya saki tayoyi. Na'urarsa ba ta ce uffan ba. Mataimakin matuƙi ne Allah ya sa ya ɗaga kai, suka fasa sauka suka yi sama. Kusancin har ya kai sun karanta lambar da ke jikin jirgin. Lambar wa? Tawa.

Da aka zauna bincike, mutumin nan ya dube ni ido cikin ido ya rantse cewa a lalace na ba shi na'urar. Injiniya ya cire ta, ya gwada, lafiyarta lau. Amma kafin takarda ta bi ofis-ofis ta dawo, jirgin ya yi wata bakwai a ɗaure, tayoyi sun sace, tsuntsaye sun yi sheƙa a injin, banki kuwa bai san uzuri ba. A ƙarshe na sayar da shi da araha. Kuɗin hayar ranar ma har yau bai biya ba. Muna haɗuwa a ɗaurin aure ya miƙo mini hannu yana murmushi, ni kuma in karɓa, don ba zan yi abin kunya gaban jama'a ba.

Shi ya tsira. A Cerritos ta Kalifoniya, ranar 31 ga Agustan 1986, wani ƙaramin jirgi samfurin Piper ya kutsa yankin manyan jirage na Los Angeles ba izini, na'urarsa ba ta faɗin tsayi, ya yi karo da jirgin fasinja DC-9 na kamfanin Aeroméxico. Rai 82, har da mutum 15 da ke ƙasa a unguwarsu. Bayan wannan ne Amurka ta tilasta TCAS ɗin da kake tinƙaho da ita. A San Diego kuwa, 1978, matuƙan Boeing 727 sun ce sun ga Cessna, daga baya ta ɓace musu, ba su fito fili sun gaya wa hasumiya ba. Ashe tana ƙarƙashin hancinsu. Rai 144. Shi ya sa in na ji ɗalibi ya ce "na gan shi" don kawai kada a ce bai iya ba, raina yake ɓaci. In ya ɓace maka, faɗi nan take.

Yi lissafi da kanka. Babban jirgi yana gudun not 250, wato mil 250 na teku a awa, kai 100, kuna fuskantar juna: kusan mil shida a minti ɗaya. In hazo ya bar maka mil biyu, daƙiƙa ashirin ke gare ka, alhali gani da ganewa da juya jirgi suna cin sha biyu da rabi. Kuma jirgin da kake gani yana tafiya a gilashi zai wuce abinsa. Wanda zai buge ka tsaye yake cak, kamar kashin ƙuda, sai a ƙarshe ya kumbura gaba ɗaya. Ga fiffiken Cessna a sama yake, yana rufe maka gefen da za ka juya, sai ka ɗaga shi ka leƙa kafin ka karkata.

Ku yaran yanzu an haife ku da allo a hannu, kun ɗauka abin da bai fito a kansa ba babu shi a duniya. Ranar nan na ƙirga, minti biyu cur kanka yana sunkuye kana latsa taswira.

Gobe ƙarfe bakwai. Ka goge gilashin gaba tas kafin in iso, wayar kuma ka bar ta a mota.