Ƙaramar bindiga a farautar namun dawa masu cin nama: tana da amfani ko nauyi ce kawai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Montana ta Amurka saboda aiki. Abokan aikina sun gayyace ni farautar koyoti, wato karen dajin nan mai kama da dila, kuma na lura kowannensu bayan doguwar bindigarsa yana rataye da fistol, wato ƙaramar bindigar hannu, a ƙugu ko a ƙirji. Ni ma dole ne in nemi tawa? Idan na saya, zan iya tahowa da ita gida Najeriya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. In dai koyoti kaɗai za ka nema a fili mai sarari, fistol ba dole ba ce, kuma da yawa daga cikin masu rataya ta sabo ne kawai. Koyoti ƙaramar dabba ce, nauyinta bai cika wuce kilo 20 ba, ga tsoron mutum. Yadda ake farautarta shi ne ka zauna ka ɓoye, ka kunna na'urar da ke kwaikwayon kukan zomo mai rauni, ka jira ta biyo sautin. Harbin yakan kasance daga mita 50 zuwa 200, aikin doguwar bindiga mai madubin hange kenan, irin mai cin harsashin .223 ko .22-250 (lambobin nau'in harsashi ne). Idan ta shigo kusa ƙwarai, bindigar tsuntsu mai watsa ƙananan harsasai ta fi fistol saurin samu. Ka dubi ƙarfi ma: harsashin .223 yana fita da ƙarfin da ya ninka na fistol mai 9mm kusan sau uku. Wanda yake riƙe da doguwar bindiga a ɗure, sannan ya ajiye ta ya zaro fistol, ya bar mai ƙarfi ya koma ga mai rauni.

Amfanin fistol yana fitowa ne a lokacin da doguwar ba ta hannunka. Ka jingine ta da itace kana feɗe dabba, ko ka rataye ta a baya kana jan abin da ka harba, ko ka tafi ɗauko na'urar kira da ka dasa nesa da inda ka zauna. Masu ɗana tarko kuwa sukan riƙe fistol mai ƙaramin harsashin .22 don gama da dabbar da ta faɗa tarko nan take ba tare da an lalata fata ba. Haka masu bin zakin dutse da ake kira fuma da karnuka: karnukan ke kora shi ya hau bishiya, harbin na kusa ne, kuma hawan tsauni cikin dusar ƙanƙara da igiyoyin karnuka a hannu ya sa wasunsu fistol ce ma makaminsu na farko.

Amma kai Montana kake, kuma a nan maganar ta canza. Kukan zomon da kake kunnawa ba koyoti kaɗai yake kira ba. Duk mai cin nama da ke yankin yana jin sa, har da fuma da beyar, ƙatuwar dabbar nan mai gashi da manyan farata. A yammacin Montana, da sassan Wayomin da Aidaho, akwai babban beyar ɗin nan girizili, wanda namijinsa kan haura kilo 200, kuma gudunsa ya kai kilomita 55 a awa. Ka lissafa: daga mita 30 zuwa gabanka daƙiƙa biyu ne. Abokanka da suka ɗaura fistol a ƙirji, a ganina wannan suke tunani. Ƙirjin ma da dalili: ɗamarar jakar baya tana rufe ta ƙugu, kuma mutumin da ke zaune a ƙasa cikin rigunan sanyi ba ya iya zaro ta ƙugu da sauri.

Akwai bincike a kan wannan. Masu binciken namun daji Tom Smith da Stephen Herrero da abokan aikinsu sun bi rahotannin karon mutane da beyar a Alaska. A wanda suka fitar a 2008, feshin barkono da ake yi musamman don beyar ya dakatar da girizili a kashi 92 cikin ɗari na lokutan da aka yi amfani da shi, kuma kashi 98 na mutanen sun tsira ba rauni. A na 2012 da ya shafi bindigogi, ƙananan bindigogi sun yi nasara a kashi 84, dogaye a kashi 76. Kada ka ɗauki waɗannan alƙaluma a matsayin gasa, domin yanayin karon ba iri ɗaya ba ne, kuma adadin na fistol kaɗan ne. Abin da ni na fahimta daga ciki shi ne feshin barkono ba wasan yara ba ne, kuma ga sabon shiga irinka ya fi sauƙi, tunda gajimare yake yi a gabanka, ba sai ka saiti kan dabba mai gudu hannunka na rawa ba. Raunin feshin iska ce mai ƙarfi idan tana kaɗowa ta fuskarka.

Wani abu da ya faru a Wayomin a watan Satumba na 2018 ya isa darasi. Wani jagoran mafarauta yana feɗe babbar barewar nan ta elk tare da baƙonsa sai girizili ta auka musu. Yana da fistol mai 10mm, amma ya cire ta ya ajiye tare da kaya a gefe. Baƙon ya ɗauko ta bai iya harba ta ba, don bai san ta ba. Jagoran ya rasu. Fistol ɗin da ke cikin jaka, ko wadda ba ka saba da ita ba, daidai take da babu.

Idan ka yanke shawarar riƙewa, a ƙasar girizili mutane sun fi karkata ga biyu: libarba, wato bindigar hannu mai gidan harsashi da ke juyawa, mai cin harsashin .44 Magnum, ko fistol mai 10mm irin Glock 20, wadda dakarun Sirius na Denmak ke riƙewa a Girinlan saboda farin beyar. Ta farkon ta fi ƙarfi amma tana dukan hannu, harsashi shida take ci. Ta biyun ta fi sauƙin maimaita harbi, tana cin 15. Harsashin ya zama mai tauri wanda ke ratsa ƙashi, ba mai buɗewa da zarar ya taɓa nama ba. Kuben da za ka sa ta ciki ya rufe kunamar gaba ɗaya, ya riƙe bindigar ko da ka faɗi. Sannan atisaye, da safar hannu da rigar sanyin da za ka sa ranar farautar, a wurin koyon harbi tare da malami. Mutum yana iya harbin ƙafarsa wajen zarowa ko mayarwa.

Kafin duk wannan, doka. Idan takardar zama ta dindindin gare ka, kana iya saya kamar ɗan ƙasa, kuma dillali mai lasisi ba ya sayar da fistol ga wanda bai kai shekara 21 ba. Idan bizar aiki ko ta karatu ce, dokar tarayya ta hana ka mallakar bindiga sai da wasu togaciya, mafi sani a ciki shi ne riƙe lasisin farauta mai aiki. Nemi lauya ya duba maka, don kuskure a nan yana iya cinye bizarka. Kowace jiha kuma da nata ƙa'idojin kan farautar dare da irin makamin da aka yarda, sai ka karanta littafin hukumar namun daji ta Montana na wannan shekarar. Girizili kuwa yana ƙarƙashin kariyar gwamnatin tarayya tun 1975 a Montana da Wayomin da Aidaho. Wanda ya harbe shi don kare rai dole ya kai rahoto, kuma za a bincika. Kada ka tsallaka Kanada da fistol, can ba a farauta da ita.

Batun tahowa da ita gida kuwa, cire shi daga ranka. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu, kuma takardar da ka samu a Amurka ba ta da wani tasiri a filin jirgin Kano ko Abuja. Idan lokacin komawarka ya yi, ka sayar da ita ta hannun dillali mai lasisi a can. A fitarku ta farko ma, ni shawarata ka sayi gwangwanin feshin barkono ka rataya a ƙirji, ka zauna kusa da wanda ya san dajin, kuɗin fistol ɗin ka kashe su a darasin harbi da doguwar bindigarka.