Zango a Havasupai: wane wata za a je, me ya kamata a saya?

Tambaya: Mu biyar ne, abokai mazauna Amurka. Muna son kwana a kwazazzabon Havasu da ke Arizona, amma hutunmu a Agusta ya faɗo. Mu nemi izinin?

Amsa: Malam, in da hali ku canza wata. Daga Yuli zuwa Satumba ake samun ruwan sama mai ƙarfi a yankin, kuma ƙasar dutse ce, ba ta shan ruwa. Hadari zai iya zuba can nesa inda ba ku gani, ruwan ya taru ya biyo kwazazzabon a guje. Haka aka yi a Agustan 2008, aka sake a Agustan 2024, har aka rasa rai. Ga zafi da ke haura digiri 40. Afrilu, Mayu da Oktoba sun fi. In dai dole sai Agusta, ku san hanyar hawa tudu tun kafin ku kafa tanti, kuma da kun ga ruwan nan mai launin shuɗi-kore ya koma ja, ku bar kaya ku hau sama.

Ƙasar ta ƙabilar Havasupai ce, su ke ba da izini ta intanet, na kwana 3, kuma ba a yarda a shiga a fito a yini ɗaya ba. Wanda sunansa ke kan izinin dole ya zo da katin shaida.

Tambaya: Mu ɗauki kayanmu a baya, ko mu biya alfadari?

Amsa: Daga Hualapai Hilltop, inda ake fara tafiyar ƙafa, zuwa ƙauyen Supai kilomita 13 ne, sai wasu 3 zuwa wurin zango. Zuwa gangara ce, ita ke ruɗin mutane. Wahalar tana ranar dawowa, don kilomita 2 na ƙarshe hawa ne mai lanƙwasa, ba inuwa. Lafiyayyen mutum zai iya da kayansa in jakar ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinsa ba. Ku sayi jakar goyo mai lita 50 zuwa 65 da ɗamarar ƙugu mai kauri, don ƙugu ya kamata ya ɗauki nauyin, kafaɗa ta huta. Ku biyar, risho biyu na gas sun isa, tanti ma a raba: wani ya ɗauki ƙarafa, wani ya ɗauki rufi. Tukunyar gas ba ta hawa jirgin sama, sai kun sauka za ku saya. Mai ciwon gwiwa ya yi rajistar alfadari tun da wuri.

Babu ruwan sha ko ɗigo a hanya, kowa ya riƙe lita 3 zuwa 4. Ranar fita ku tashi tun kafin asuba da fitilar goshi, ku yi sallah a hanya.

Tambaya: Takalmi ɗaya zai yi? Me kuma mutane ke mantawa?

Amsa: Hajiya, biyu za ki saya. Ɗaya na tafiya, wanda kika riga kika saba da shi makonni kafin ranar, don sabon takalmi a kan tsakuwa bororo yake kawowa. Na biyu sandal mai maɗauri da ƙasa mai kama dutse. Hanyar magangarar ruwa ta Beaver sai an ratsa rafi sau da yawa, saukar magangarar Mooney kuwa, mai tsayin kusan mita 60, ta cikin kogo ake bi da sarƙa da tsani, duk a jiƙe da feshin ruwa. Silifas a nan haɗari ne. Safar hannu mai roba ma tana taimakawa wajen riƙe sarƙar.

Abin da aka fi mantawa shi ne jakar abinci da aka saƙa da wayar ƙarfe. Kuregun wurin suna huda tanti da jaka cikin mintuna, don haka a sa abinci a jakar wayar a rataye ta da igiya. Akwai maɓuɓɓugar Fern a zangon, duk da haka ku zo da matatar ruwa da sabulun wanke hannu, tunda ciwon ciki na saurin yaɗuwa inda jama'a ke bayan gida ɗaya. An hana hura wuta da giya da jirgi marar matuƙi, kuma sharar da kuka tara ku za ku fito da ita.